Wanne ne firam a ƙaramar bindigar da ake sauya wa ƙota?

"Malam, barka da ƙoƙari. Ina karatu a kan fasalin ƙananan bindigogi na zamani, sai na ci karo da abin da ya ɗaure mini kai. A Glock an ce ɓangaren roba na ƙasa shi ne firam, kuma shi ne bindigar a idon doka. A SIG P320 kuwa, ɓangaren roba na ƙasa, wanda a ido bai bambanta da na Glock ba, an ce ba firam ba ne, wai ƙota ce kawai da za a iya cirewa a sa wata. To wanne ne firam ke nan? Sannan tunda ana yin wannan ƙotar da roba, da alminiyam, har da ƙarfe, wacce ta fi ƙarfi da daɗewa? Ni dai hankalina ya fi kwanciya da ƙarfe."

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayoyi biyu ka haɗa mini, ta suna da ta abin da aka ƙera ɓangaren da shi, kuma ta biyun ba ta amsuwa sai an warware ta farkon. Wanda bai san ɓangaren da ke shan wahalar harbi ba, zai je ya zuba kuɗinsa a ɓangaren da wahalarsa ba ta taka kara ta karya ba. Ina aikin duba ƙananan bindigogi da gyaransu, kuma wannan ruɗanin ba kai kaɗai ya kama ba. Har masu rubuta rajistar ma'ajiyar makamai yana kama su.

Aikin firam tun asali

Ɗauki M1911, wadda John Browning ya zana, sojojin Amurka suka karɓe ta a 1911. Ƙasanta dunƙulen ƙarfe ɗaya ne, kuma wannan dunƙulen yana yin ayyuka da yawa a lokaci guda. A jikinsa aka yanka layukan da silaid, wato ɓangaren sama na bindigar, ke gudu a kai, gaba da baya. A cikinsa kunama take, da guduma, da ƙaramar ƙugiyar da ke riƙe gudumar har sai an ja kunama. Ta cikinsa magazin ke shiga, kuma shi ne hannu ke damƙa. A kansa aka buga lambar bindiga. Tunda abu ɗaya ne ke yin duka, ba wanda ya taɓa buƙatar tambayar wanne ne firam.

Da roba ta shigo, wannan tsarin bai sauya ba. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fitar da ƙaramar bindiga mai firam ɗin roba, VP70, a 1970, amma wadda ta cika duniya ita ce Glock 17, da sojojin Ostiriya suka ɗauka a 1982. Idan ka cire silaid ɗin Glock ka dubi ƙasanta, za ka ga 'yan kunnuwan ƙarfe huɗu sun leƙo daga cikin robar, biyu gaba biyu baya. Su ne layukan silaid, kuma an dasa su ne tun lokacin da ake zuba robar a mazubi, ba sa cirewa sai ka lalata firam ɗin. Juya ta kuma ka dubi ƙarƙashin hancinta, za ka ga ɗan fallen ƙarfe a binne cikin roba, ɗauke da lamba. Kayan kunama ma a cikin robar aka soke su da fil. Ashe robar Glock tana yin duk ayyukan da ƙarfen M1911 ke yi. Shi ya sa ita firam ce, ba gardama.

Akwai wani mataki a tsakani da masu talla kan cakuɗa da batunmu. Walther P99 ta fito a 1997 da bayan ƙota mai cirewa, ƙarami ko babba daidai da tafin hannu, kuma Glock ta bi sahu a samfurinta na huɗu a 2010. Wannan gyaran dacewa da hannu ne kawai. Firam ɗin yana nan yadda yake, ɗaya, da lambarsa.

Inda aka raba gida

Sauyin gaske ya zo da SIG Sauer P250 a 2007, sannan P320 a 2014. Masu zanen suka kwashe ayyukan firam suka raba biyu. Layukan silaid, kunama, ƙugiya, da sauran kayan da ke sa harsashi ya tashi, suka tattara su a cikin wani ɗan akwatin ƙarfe mara tsatsa da bai fi tsawon tafin hannu ba, suka buga lamba a jikinsa. Abin da ya rage, wato abin damƙa da ramin magazin da zoben da ke kare kunama, suka bar wa roba.

In kana son ganin abin da idonka, kalli yadda ake kwance P320. Bayan an tabbatar babu harsashi an zare silaid, sai a murɗa ƙarfen kwancewar da ke gefe a zare shi gaba ɗaya. Shi ne ya ratsa robar da akwatin ya haɗe su. Yana fita, sai a ɗaga akwatin ya fito da kunamarsa tana reto a ƙasa. Abin da ya rage a hannunka holoƙon roba ne mara nauyi, da wata 'yar taga a gefen dama. Ta wannan tagar ce ake karanta lamba in bindigar tana haɗe. Lambar ba a jikin robar take ba, leƙowa kawai take yi.

Kamar mota ce: ka sauya mata bodi, ka sauya fenti, amma lambar shasi ita ce motar a takarda. Ni ma shasi nake kiran wannan akwatin, kuma haka zan ci gaba da kiransa a nan.

Sojojin Amurka ne suka ƙara wa tsarin suna. A watan Janairun 2017 suka zaɓi P320 ta maye gurbin Beretta M9 da suke riƙe da ita tun 1985, a kwangilar da za ta iya kai dala miliyan 580, suka sa wa babbar M17, ƙaramar M18. Dalilinsu a fili yake: sojoji dubbai, hannaye iri-iri, kuma ƙotar da ta fashe ana sauya ta a ma'ajiya cikin minti kaɗan ba tare da an taɓa rajista ba.

Sai dai tunanin ba sabo ba ne kamar yadda ake zato. Tokarev TT-33 ta Tarayyar Sobiyat tana da guduma da ƙugiya a dunƙule ɗaya mai fitowa gaba ɗaya tun shekarun 1930, amma layukan silaid da lamba suna jikin firam, saboda haka wannan dunƙulen bai zama bindigar ba. Ƙananan Ruger masu harsashin .22, tun samfurin farko na 1949, lambarsu a bututun sama take, wanda ke ɗauke da bakin bindiga, ƙasan kuma abin riƙewa ne. Sannan a farkon shekarun 1990 Virgil Tripp da Sandy Strayer suka raba ƙasan M1911 biyu: sama ƙarfe mai layuka da kayan kunama da lamba, ƙasa ƙotar roba mai faɗi da ake ɗaurawa da sukurori. Ita ce ake kira 2011 a yau, kuma kamfanin da ya soma ta, STI, yanzu sunansa Staccato.

Me ya sa sunayen suka rikice

Kowane kamfani ya raɗa wa shasinsa suna don kasuwa. SIG na cewa FCU. Springfield Armory na kiran na Echelon, wadda HS Produkt ke ƙerawa a Kuroshiya kuma ta fito a 2023, da suna COG. Ruger na cewa FCI a RXM, wadda Magpul ke yi wa ƙota. Beretta a APX shasi kawai take cewa. Duk abu ɗaya ne a aiki. A ɓangaren roba kuma rikicin ya fi yawa, domin wasu na cewa ƙota, wasu na cewa gida, wasu kuma na ci gaba da cewa firam saboda bakinsu ya saba, har a takardun wasu kamfanoni. Mai shago zai ce maka yana da firam na P320 kala uku, alhali ƙota yake nufi.

Ni ba na jayayya da kowa a kan suna. In an miƙo mini bindigar da ban taɓa gani ba, abu uku nake nema: ina layukan silaid suke, ina ƙugiyar da ke riƙe guduma ko allurar da ke bugun harsashi take zaune, kuma ina aka buga lamba. Ɓangaren da ya tara waɗannan shi ne firam, ko da bai yi kama da bindiga ba, ko da zai shiga aljihun riga.

Dokar Amurka ma kusan nan ta tsaya. Tun dokar 1968 ake tilasta wa masu ƙera bindiga su buga lamba a firam, kuma a ƙa'idar da hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi ta fitar, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2022, firam ɗin ƙaramar bindiga shi ne ɓangaren da ya zama gida ga abin da ke riƙe guduma ko allura kafin harbi. Da wannan ma'auni robar Glock firam ce, ta P320 kuwa ba firam ba ce. Amma kar ka ɗauki wannan ya zama dokar duniya. A Tarayyar Turai, bututu da silaid su ma muhimman sassa ne da doka ke bi, ana yi musu alama, ba a sayensu kara zube yadda ake yi a Amurka. Yawancin abin da za ka karanta a intanet Amurkawa ne suka rubuta shi da dokarsu a zuciya. Ni makaniken bindiga ne, ba lauya ba, saboda haka abin da doka ta ɗauka bindiga a inda mutum yake, hukumar da ke ba da lasisi a can ce mai faɗa, kuma ita ake tambaya kafin a sayi ko da sifirin ne.

Ina ƙarfin harbi yake tafiya

Yanzu mu zo kan roba da ƙarfe. Lokacin da harsashin 9mm ya tashi, matsin da ke cikin ɗakinsa na iya kai fam 35,000 a kan kowane inci murabba'i bisa ma'aunin Amurka. Wannan matsin bututu ne ke riƙe shi, da fuskar silaid da ke toshe bayan kwanso. Dukansu ƙarfe ne a duk bindigogin da muka ambata, masu firam ɗin roba da masu na ƙarfe. Abin da ke isa ƙasa daban ne: bugun bututu lokacin da ya sauka ya tsaya, bugun silaid in ya kai ƙarshen tafiyarsa, da gogar layuka. A bindiga mai shasi, wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe suna cikin shasin. Saboda haka in ka sauya ƙotar roba da ta ƙarfe, ba ka ƙara wa bututu ƙarfi ba, ba ka ƙara wa layuka kwana ba, ba ka kuma taɓa kunama ba. Abin da ka sauya shi ne nauyi, da tauri, da yadda take zama a hannu.

Misalin da ya nuna wannan ƙarara shi ne abin da ya faru a 2017, lokacin da aka gano P320 na iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa. Gyaran da kamfanin ya yi a kayan kunama ne da silaid: aka rage nauyin kunama da ƙugiya da allura, aka ƙara wani makari. Da ƙotar zinariya ce ma, ba abin da za ta hana.

Roba

Kalmar roba ce ke ɓata mata suna, domin mutum na jin ta sai ya tuna bokiti. Wadda ake ƙera ƙota da ita nailan ce, yawanci an cakuɗa ta da gajerun zaren gilashi don ta yi tauri, kuma kowane kamfani na ɓoye haɗinsa. Nauyinta kusan giram 1.3 zuwa 1.4 ne a kowane santimita kubik, alminiyam kusan 2.8, ƙarfe kusan 7.8. Daga nan bambancin nauyin bindigogi ya samo asali: Glock 17 ba magazin ba ta kai giram 650 ba, M1911 kuwa ta haura kilo ɗaya.

Ba ta tsatsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga bindigar da ke manne da jiki tana shan gumi. Ba ta ɗaukar zafi ko sanyi da sauri, don haka ba ta ƙona hannu in ta sha rana, ba ta kama fata a tsananin sanyi. In ta faɗi takan ɗan lanƙwasa ta dawo, inda ƙarfe zai lotsa ya zauna a lotse. Wannan lanƙwasar ce ma ke sa wasu su ce shurinta ya fi taushi, ko da yake rashin nauyinta na cinye wannan ribar.

Rauninta zafi ne mai tsanani da abu mai kaifi. Nailan na narkewa ne tsakanin digiri 220 zuwa 260 a ma'aunin Salshiyas, gwargwadon irinta, kuma tana yin laushi tun kafin nan. Masu son ƙota mai kaushi kan ɗauki ƙarfen soda mai zafi su yi ta ɗiga mata tabo. A Glock, in hannu ya zarce ya huda, ka lalata bindigar kanta. A mai shasi kuwa ka lalata abin da ake saye a sauya. A wurina wannan ne babban alherin tsarin ga mai bindiga ɗaya: wurin da hannu ke taɓawa, wanda ke gogewa, wanda mutum ke sha'awar sassaƙawa, ya zama abu mai arha.

Zancen cewa bindigar roba na wuce na'urar binciken filin jirgi kuwa, tsoro ne na shekarun 1980. Ya kai Amurka ta yi doka a 1988 da ta hana ƙera bindigar da na'ura ba za ta gani ba kamar yadda take ganin oza 3.7 na ƙarfe. Silaid ɗin Glock kaɗai ya ninka wannan nauyin.

Alminiyam

Colt Commander ta 1950 na cikin na farko da suka yi firam da alminiyam, daga baya Beretta 92 da SIG P226 suka sa ya zama ruwan dare. Irin da aka fi amfani da shi shi ne 7075, wanda ake haɗawa da tutiya, kuma ƙarfinsa na kusantar na wasu karafa alhali nauyinsa kashi ɗaya cikin uku ne. Amma yana da halaye biyu da duk mai gyara ya sani.

Na farko, fatarsa ce kariyarsa. Ana yi masa wani rufi mai tauri ta hanyar lantarki, kuma muddin rufin na nan, silaid na zamewa a kai lafiya. Ranar da rufin ya cinye, silaid na ƙarfe zai fara cin naman alminiyam ɗin. Ina gane matakin da layukan suke ta launi: baƙi mai sheƙi ba komai, in ya fara ja-ja ko ruwan zinariya rufin na raguwa, in ya yi fari fat kamar cokali to an kai nama. Shi ya sa irin waɗannan bindigogi ke son giris a layukansu, ba ɗigon mai kawai ba. Na biyu, alminiyam na gajiya. Ƙarfe yana da wani mataki na wahala wanda in ba a haura shi ba zai jure bugu ba iyaka, alminiyam kuwa ba shi da wannan matakin, kowane bugu na rage masa wani abu. Walther P1, wato P38 ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu mai firam ɗin alminiyam, sai da aka ƙara mata wani fil na ƙarfe mai kusurwa shida a shekarun 1970 don ya ɗauke wa firam ɗin dukan.

To ga inda batun suna ya zama batun aiki. Duk waɗannan matsalolin na firam ɗin alminiyam ne mai layuka a jikinsa. Ƙotar alminiyam ta bindiga mai shasi, irin AXG ta SIG, ba ta da layuka. Silaid bai taɓa ta. Wanda ya karanta labarin tsagewar tsofaffin firam ɗin alminiyam ya ƙi sayen irin wannan ƙotar, ya ji tsoron abin da bai shafe ta ba. Wanda kuma ya saye ta don ya ji an ce ƙarfe ya fi roba daɗewa, shi ma ya yi saye a kan dalilin da bai shafe ta ba. Abin da take bayarwa shi ne tauri, da ɗan ƙarin nauyi, da damar ɗaura mata fallayen gefe na katako ko wani abu daban.

Ƙarfe, da nauyin da ake saye da gangan

Ƙarfe ya ninka alminiyam tauri kusan sau uku, ya ninka nailan mai gilashi kusan sau ashirin. Amma abin da masu sayensa ke nema a gaskiya nauyi ne. Bindiga mai nauyi ba ta tsalle sosai, bakinta na dawowa kan saiti da wuri, kuma ga mai gasar harbi wannan shi ne komai. CZ Shadow 2 na kai kusan kilo 1.3, kuma masu gasa ba sa kuka da hakan. Walther ma ta fitar da Q5 Match mai firam ɗin ƙarfe a 2019 domin su. SIG ta bi wata hanya a shekarar: ta cakuɗa garin tangistin, wani ƙarfe mai tsananin nauyi, a cikin robar ƙotar X5 Legion, sai bindigar ta kai kusan kilo 1.2, alhali babbar P320 ta yau da kullum ba ta wuce giram 850 ba. Roba ce, amma da nauyin ƙarfe. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa nauyin ake saye.

Wanda zai rataya bindiga a ƙugu daga safe zuwa dare, wannan nauyin azaba ne gare shi, kuma ga tsatsa. Ƙarfe mara tsatsa ma sunansa ne ya fi shi, domin gishirin gumi na yi masa tabo in an bar shi, kuma in iri ɗaya na gogar juna ba mai, yakan kama juna ya yage.

Taitaniyam, da alminiyam mai ɗigon sikandiyam da Smith & Wesson ke amfani da shi, da haɗin tutiya da ake zuba wa bindigogi masu arha, duk akwai su, amma ba su ne za ka tarar a kasuwar ƙotar bindiga mai shasi ba.

Ƙota ba ado ba ce

Kar abin da na faɗa ya sa ka raina ta. Maɓallin da ke riƙe magazin a jikin ƙota yake, ba a shasi ba. Ma'ana ƙota ce ke yanke tsayin da harsashin sama zai tsaya a gaban silaid. An taɓa kawo mini wata bindiga mai shasi da harsashi ke dunguri da ka a ƙasan bakin ɗaki maimakon ya hau. Mai ita ya riga ya sauya magazin, ya sauya sifirin, ya goge mashigar har tana ƙyalli. Ƙotar da ke jikinta kyakkyawa ce ta alminiyam, daga wani ƙaramin kamfani. Na danna gindin magazin da babban yatsa, sai na ji yana motsi sama da ƙasa fiye da kima. Na mayar da shasin cikin ƙotarta ta roba ta asali, matsalar ta ɗauke. Ramin maɓallin ne aka yanka ya ɗan yi ƙasa, tazarar da ido ba zai gani ba. Ingancin yanka ya fi mini abin da aka yanka muhimmanci, kuma ƙotar roba da aka auna daidai ta fi ta ƙarfe da aka yi da ka.

Haka kuma layin da ake maƙala fitila ko lesa a ƙarƙashin hanci na ƙota ne. A roba yakan ɗan ba da kai in an ɗaure da ƙarfi, wanda ba ya damun fitila amma yana iya karkatar da saitin lesa. Siffar zoben kunama ma ta ƙota ce, kuma da ita kube ke kama bindiga. Duk wanda ya sauya ƙota, wajibi ne ya sake gwada kubensa da bindiga ba harsashi, ya tabbatar tana zama daram kuma kunama a rufe take ruf. Wannan ba na wasa da shi.

Sannan ba kowane abu ke shiga kowane abu ba. Shasin P365 ba ya shiga ƙotar P320. Shasi mai sakatar kariya ta babban yatsa, irin na M17, na buƙatar ƙota mai yanka a wurin. Doguwar ƙota na buƙatar dogon magazin, gajeren ba zai kai ga maɓalli ba. A P320, masu harsashin 9mm da .40 da .357 SIG na tafiya a shasi ɗaya, amma mai .45 nata daban ne.

Abin da zan ce maka ka zaɓa

In don ɗauka ne na yau da kullum ko aikin tsaro, ƙotar roba ta kamfanin da ya ƙera bindigar, a girman da ya dace da hannunka. Gwajin kuwa shi ne ka damƙe ta yadda bayanta ya zauna a tsakiyar mahaɗar babban yatsa da manuni, ka ga ko gaɓar farko ta manunin ta kai kunama ba tare da ka karkatar da hannu ba. P320 na da ƙota ƙarama, matsakaiciya da babba saboda wannan. In don gasa ne, nemi nauyi, ko ta ƙarfe ko ta tangistin. In kuma kana son sanyin ƙarfe a tafinka ne kawai, wannan ma dalili ne, ba wanda zai hana ka, amma ka san abin da ka biya. Hannunka ban gan shi ba, bindigar ma ban riƙe ta ba, don haka gwaji a filin harbi shi zai yanke hukuncin ƙarshe, da magazin ɗin da za ka riƙa amfani da su.

Kulawar da za ka yi wa ƙota, ka ninka ta a kan shasi. Lokaci-lokaci ka fitar da shi, domin tsakaninsa da ƙota wuri ne da ƙura da gumi da tsohon mai ke taruwa su zama baƙin kwaɓi, kuma ba a ganinsa sai an raba su. Share shi, ka duba gindin kunnuwan layuka huɗun nan a haske mai kyau, ka duba ramukan da ƙarfen kwancewa ke ratsawa a shasin da a ƙotar, ko sun buɗe sun zama kamar ƙwai. Ramin ƙota in ya buɗe, sai ka sayi wata. Kunnen shasi in ya tsage ko ya lanƙwashe, kar ka yarda wani ya yi masa walda ko ya miƙe shi da filaya. Wannan kamfanin da ya ƙera shi ake mayar wa, kuma in sun ce sai an sauya, to sabuwar lamba ce za ta zo, da duk takardun da ke bin sabuwar bindiga.